Ƙwaryar da Ba a Taɓa Ba

Har yau in na ga littafin nan mai baƙin bango a kan kanta, sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Matata ta sha cewa in ba da shi kyauta ko in cusa shi a murhu in huta. Na ƙi. So nake ya zauna inda zan riƙa ganinsa, don kada wata rana wani mai daɗin baki ya sake kirana daga Yamai in manta.

Ni malamin kwaleji ne a Dogon Dutsi. Faransanci nake koyarwa, amma abin da nake rubutawa don kaina da Hausa nake yin shi. Shekarun baya kaɗan wani abokin aiki ya turo mini sanarwa ta salula, wai wasu samari a Yamai sun buɗe ɗan gidan buga littattafai, suna neman gajerun labarai na ban tsoro da Hausa, za su haɗa su cikin littafi guda. Gidan nasu, daga baya na gani da idona, ɗaki ɗaya ne a bayan shagon fotokwafi, da tebur da fanka mai kuka. Ban raina su ba. Wa ya taɓa neman labarinmu da harshenmu? Na yi murna ƙwarai, har na fara takawa a farfajiyar makaranta kamar wanda aka riga aka buga.

Labarin kuwa ba sai na je nema ba, yana wurin Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Tana zaune a ƙauyenmu, kan hanyar rairayi da ke zuwa Lugu, a gidan da kakanmu ya bari. Ungozoma ce tun kafin a haife ni, kuma ni ma a hannunta na faɗo. Da wuya ka nuna mutum a ƙauyen nan, mai gemu ko mai goyo, wanda ba ita ta yanke masa cibiya ba. Ko da aka gina ɗan asibiti mata suka koma haihuwa can, ba a bar ta ba. Ita ke raka mai naƙuda, ita ke wankan jariri har ranar suna, ita ake kira in jinjiri ya ƙi kama mama. Ba ta haifi ko ɗaya ba, amma ba ka taɓa shiga gidanta ka rasa yara a tsakar gida suna rigima kan ƙanzo. Da wannan aikin take ci, da shi kuma ake gaishe ta.

A bayan rumbunta akwai wani gawo da aradu ta taɓa tsagawa biyu, bai mutu ba. A nan doguwar gidanmu take. Mu mutanen Arewa, wato wannan yanki namu na Dogon Dutsi, ba sai an yi mana bayani ba, amma tunda na ga abin da rashin bayani ya jawo, bari in yi. Gida da yawa a wajenmu suna da iskar da suka gada, mai tsaron gida da rumbu. Tamu nono ake ba ta. Gwaggo tana salla, tana azumi, amma in rana ta kusa faɗuwa takan zuba nonon saniyarta a 'yar ƙwarya ta ajiye a gindin gawon. Da safe ƙwaryar babu komai. Ko kyanwa ce, ko bushiya, ko mai wurin, ni ban taɓa tsayawa gadi ba. Kowa a ƙauyen ya san da wannan, har liman, kuma ba wanda ya taɓa ƙin miƙa mata jaririnsa saboda shi.

Akwai kuma wata irin doguwa, wadda ba a son ambato. Ita ba gadonta ake yi ba, nemo ta ake yi don arziki, kuma jini take sha. In mai ita ya gaza ba ta, sai ta juya kan yaran gida da na maƙwabta. Duk wanda aka ce doguwarsa jini take sha, an kira shi maye ke nan, an gama. Yaron goye a Arewa ya san bambancin nan.

Wata rana da hantsi muna ɓarar gyaɗa, na tambayi Gwaggo abin da ya fi ba ta tsoro a duniya. Na zaci za ta ce kura ko gawa. Sai ta ba ni labarin wani gida can da daɗewa, inda 'yan'uwa suka yi ta cin amanar juna har suka kori tsohuwar uwarsu. Wata safiya aka je gindin itace aka tarar da nonon yana nan yadda aka zuba shi, ko ƙuda bai taɓa ba. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya haukace. Amma matan gidan suka fara ɗaure kaya tun kafin rana ta yi tsaka, don sun gane wadda ke tsaronsu ta tafi ta bar su.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "Mi kuma ka ka so? A bar ka kai ɗai cikin duniya, akwai abin da ya ɗara wanga?"

Na tafi da labarin nan a raina. Shi na rubuta. Da yake ban san wancan gidan ba, sai na ɗora labarin a gidan da na sani: tsohuwar ungozoma, rumbu, gawon da aradu ta tsaga. Ban ɓoye mata ba. Kafin in aika sai da na karanta mata tun daga farko har ƙarshe, tana dariya tana tafa hannu, tana cewa na rage mata haƙora a labarin alhali nata suna nan. Ta sa albarka, ta ce in aika.

Ba a jima ba shugaban gidan buga littattafan ya kira ni. Saurayi ne haifaffen birni, mai ladabi, rabin maganarsa Faransanci.

Ya ce, "Bon, Malam, labarinka ya yi kyau, mun ɗauka. Sai dai ƙarshen. Babu abin da ya faru fa."

Na ce, "Abin da bai faru ba ɗin shi ne labarin."

Ya ce, "Amma nono, Malam? Nono ba ya tsorata kowa. Sauran labaran akwai mai kabari, akwai mai yanke kai. Mai karatu so yake ya ga jini. In muka sa jini a ƙwaryar, aljanar ta fito ta sha…"

Na miƙe tsaye a ɗakin malamai har kujera ta faɗi. Na yi masa bayanin da na yi muku yanzu, dalla-dalla, kamar ina koyar da ɗan aji ɗaya. Na ce masa tsohuwar nan tana raye, an san gidanta, an san gawonta. Na ce in ƙarshen bai yi masa ba ya maido mini da abina, ba na jin haushi, amma kada ya kuskura ya taɓa nonon nan.

Ya ce, "Dakor, dakor, Malam. Na gane."

Wallahi da na san abin da dakor ɗinsa, wato "na yarda" ɗin nan nasa, ke nufi, da a ranar na hau motar haya na tafi Yamai na zauna masa a kan tebur.

Littafin ya iso cikin kwali ana dab da hutun makaranta. A tasha na karɓa, kuma ban iya haƙurin kaiwa gida ba, nan na farke kwalin 'yan kabu-kabu masu hayar babur suna kallona. Bangon baƙi ne, da wata mace mai jajayen idanu da farata. Na ce to, wannan nasu ne, kasuwa suke nema. Na buɗe labarina. Shafin farko nawa ne, na biyu nawa ne, har ina murmushi ni kaɗai. Da na kai ƙarshe sai na ga tsohuwar ungozoma ta durƙusa a gindin tsagaggen gawo da ƙwarya cike da jini. Na ga doguwa ta sauko ta shanye ta lashe baki, ta ce a ƙaro. Na ga tsohuwar ta juya ta nufi ɗakin da mai jego take kwance da jaririnta. A sama kuma ga sunana da manyan baƙaƙe, da sunan ƙauyenmu a ƙarƙashi, don sun rubuta ɗan tarihin kowane marubuci.

Ban san na yi ihu ba sai da mai sayar da shayi ya kira ni da sunan da ake kiran malamin boko a nan, ya ce, "Mushe, lahiya?"

Nan take na kira saurayin nan na Yamai. Abin da na gaya masa ba na takarda ba ne, kuma ni malamin makaranta ne, ɗalibaina suna iya karanta wannan. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce sun zauna su uku sun ga haka ya fi ƙarfi. Ya ce ai ƙagaggen labari ne, babu sunan kowa a ciki. Ya ce waɗanda suka karanta a Yamai duk nawa suka fi yabo.

Na ce, "Gawo nawa ka sani da aradu ta tsaga a bayan rumbun ungozoma?"

Ya ce, "Malam, mutanen ƙauye ai ba sa karanta littafi."

Nan ne kaɗai na ɗan samu sauƙi, don ni ma na so in yarda da haka. Kwafin da suka buga ba su da yawa. Na mayar da nawa cikin kwali na tura ƙarƙashin gado, ban ba kowa ba, ban nuna wa kowa ba. Abokin aikin da ya turo mini sanarwa yana ta tambaya, ina ta ce masa bai fito ba tukuna.

Ashe ba sai sun karanta ba. Samarin nan, don tallar littafinsu, suka sa wata yarinya mai zaƙin murya ta karanta labarin da aka fi yabo, suka saka mata kukan mujiya a baya, suka watsa a salula. Ta fara da sunana da sunan ƙauyenmu. Ranar kasuwar Dogon Dutsi na ji shi da kunnena yana fitowa daga aljihun wani mai sayar da igiya, mutane sun kewaye shi. Daga nan ya hau amalanke da babura ya bi hanyar rairayi, ya riga ni isa gida.

Na bi shi a kabu-kabu, muna tafe muna tura babur a inda rairayi ya yi zurfi. Da na shiga ƙauyen, gaisuwar ma ta sake. Ana amsawa, amma a gajarce, ido na kallon wani wuri. Na wuce kai tsaye inda dattawa ke zama a inuwa, na durƙusa na gaishe su, na ce na zo in gyara magana. Na faɗa musu yadda na rubuta, da yadda aka sake. Na karanta musu ƙarshena na asali daga salulata, da nonon da ba a taɓa ba. Suka saurara tsit.

Wani dattijo, wanda shi ma Gwaggo ce ta karɓi 'ya'yansa duka, ya ce, "To, Mushe, wane na cikin littahi? Wanga da ka karanta, ko wancan?"

Na ce wancan, amma ƙarya ne.

Ya ce, "Mutanen Yamai ba su san ta ba, ba su san gawon ba. In ba kai ba, wa ya hwaɗa musu?"

Na sake bayani. Na rantse. Na ɗaga murya har wani ya ce in tuna da manya nake magana. Duk abin da na faɗa sai ya koma mini: tunda ɗan gida ne ya rubuta, ai ya san abin da ya gani, kuma tunda yanzu yana musu, ai asirin gidansu yake rufewa. Kai, ban taɓa jin bakina ya zama banza irin na ranar ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wanda ya ce Gwaggo mayya ce. Da sun faɗa da na san inda zan kama. Sai dai wannan ya tuno jaririn wance da ya koma tun kafin suna, wancan ya tuno wata da jini ya ɓalle mata. Tsohuwar da ta shekara da shekaru tana karɓar haihuwa a ƙauyen da babu mota, yaya za a yi a rasa wanda ya mutu a hannunta? Da ana cewa Allah ya yi. Yanzu aka fara duban juna.

Na tarar da Gwaggo tana tankaɗe, tsakar gidan fayau, ba yaro ko ɗaya. An riga an kunna mata muryar yarinyar, ta ji har ƙarshe. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi matata da yara, sannan ta ajiye rariya.

Ta ce, "Ɗana, ni nac ce maka jini?"

Na ce, "A'a, Gwaggo."

"To wa yac ce?"

"Wani yaro ne a Yamai."

"Ya san ni?"

"Bai san ki ba."

Ta dubi garin da ke hannunta. Ta ce, "To mi niy yi mashi?"



Daga nan na tafi Yamai. A ɗakin nan na bayan shagon fotokwafi na same su su uku, fanka na kuka. Na shiga da niyyar in kifar da tebur, sai na tarar da yara ne masu rama, sun tashi suna ba ni kujera, ɗaya ya ruga sayo mini ruwan sanyi. Wannan ma ya ƙara mini haushi, don mutum ya fi son wanda ya cuce shi ya zama mugu. Shugaban nasu ya ba ni haƙuri har da dafa ƙirji. Ya ce bai san abin ya kai haka ba.

Na ce, "Ban gaya maka ba?"

Ya ce, "Ka gaya mini, Malam. Na ɗauka irin ta marubuta ce, kowa ba ya son a taɓa masa kalma."

Kun ji fa. Na ce su janye muryar. Ya ce sun goge daga wajensu, amma wadda ta riga ta shiga salular mutane ba su da iko da ita. Na ce su sa yarinyar ta karanta na gaskiya. Suka sa ta, ta karanta da kyau, ba wanda ya tura wa wani. Wa zai tura labarin da nono ya kwana a ƙwarya? A nan dai yaron ya fi ni sanin kasuwarsa, tir da wannan sani. Ya yi alkawarin in za su sake bugawa za su maido da ƙarshena, su kuma rubuta ban haƙuri a shafin farko. Na yi ta kiransa duk daminar nan har ya fara gudun kirana, ni kuma na koma kiransa da salular matata.

Duk lokacin nan ina zuwa ƙauye in na samu dama. Gwaggo ba ta taɓa sake tayar da maganar ba. An yi haihuwa, ba a kira ta ba, aka ce abin ya zo da gaggawa. An sake yin wata, aka ce matar asibiti ta hana tsofaffi shiga. Yaran da ke cika mata gida iyayensu mata suka samo musu aike. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya jefe ta. Ana gaishe ta daga bakin darni a wuce. Na ce ta dawo wurina Dogon Dutsi, ta ce wa zai kula da saniya, wa kuma zai zuba nono a gindin gawo.

Abin da take jira shi ne haihuwar gidan da ke jikin nata. Maƙwabciyarta ƙawarta ce tun suna amare, darni ɗaya ya raba su, suna miƙa wa juna gishiri ta samansa. Ɗan maƙwabciyar a hannun Gwaggo aka haife shi, kuma matarsa na da cikin fari. Gwaggo ta ce mini, "Ita dai ta san ni. Ka bari ka gani." Har sabuwar reza ta sa na sayo mata, da sabulun wanka.

Bayan an yi girbi sabon bugu ya iso. Na duba a tasha, nonon ya dawo cikin ƙwaryar, ga ban haƙuri layi biyu a shafin farko. Na sa guda a jaka na kama hanya da sassafe, ina shirya yadda zan bi ƙauyen gida gida in nuna musu, tunda abin da ke cikin littafi suka ce sun yarda da shi.

Tun daga nesa na ga hayaƙi a gidan maƙwabciyar, mata na shiga da itace, na gane an sauka. A ƙofar Gwaggo kuma na ga ƙwarya a ajiye a ƙasa, sabuwa, fara tas, an rufe ta da faifai. Na yi sallama, ta fito. Ta ga ƙwaryar kafin ta gan ni.

Ashe jiya da rana aka haihu, namiji. Ba a kira ta ba, ta saman darni ta ji guɗa. Duk da haka ta yi abin da ake yi wa mai jego: ta daka gero, ta dama fura da nonon saniyarta, ta zuba a sabuwar ƙwarya, ta kai da kanta ta miƙa wa ƙawarta a bakin ƙofa. Aka karɓa, aka yi godiya.

Ta sunkuya a hankali, tana dafe da gwiwa, ta ɗaga faifan. Furar na nan har baki. Ludayin da ta sa a ciki yana kwance yadda ta ajiye shi.

Na ji kamar in tsallake darnin in kama ƙawar nan tata in tambaye ta wa ya wanke ɗanta ranar da ya zo duniya. Har na ajiye jaka. Gwaggo ta riƙe mini hannun riga.

Ta ce, "Bari. Suna da jinjiri, tsoro su ka ji."

Ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ta shiga gida, na bi ta. Ta shimfiɗa mini tabarma a inuwar rumbu, ta gauraya furar da ludayi, ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Ka sha hanya, ga hura, kada ta lalace." Sai ta ɗan ja ƙwaryar baya, ba ta dube ni ba. "In kai ma kana tsoro, bar ta. Ba ni jin haushi."

Na ajiye ludayin gefe na ɗauki ƙwaryar da hannu biyu na kafa kai. Furar ta kwana, ta yi tsami, kuma an dama ta ne don gida guda, ba don mutum ɗaya ba. Na sha har cikina ya ɗaure, na huta, na sake sha, tana zaune tana kallona, sai da na ga gindin ƙwaryar. Littafin bai fito daga jaka ba, da shi na koma Dogon Dutsi.